Wa Allah Ya Zaɓa? Tsohuwar Gardamar Kirista a Kudancin Jigawa

A Birnin Kudu da Gwaram Kirista ba su da yawa, 'yan kaɗan ɗin ma kashi biyu ne. Akwai baƙin da aiki ko fatauci ya kawo: ma'aikatan asibitin tarayya na Birnin Kudu, malaman makaranta, 'yan bautar ƙasa, da Ibo da Yarbawa masu shagunan magani da kayan gyaran mota a bakin titin da ya taso daga Kano. Akwai kuma 'yan ƙasa, waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, wato Hausawan ƙauye da iyayensu suka baro Maguzanci, da Warjawan da ke wajen iyakar Bauchi. Baƙo in ya ji wa'azi a kan cewa Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta tun kafin a kafa duniya, ba lalle hankalinsa ya tashi ba, domin a garinsu tun kakansa ake zuwa coci. Ɗan ƙasa kuwa gidansu yake dubawa. Wansa Musulmi ne, ƙanwarsa tana aure a gidan Musulmi, kakansa ya rasu yana yanka wa iskoki bunsuru, bai taɓa jin bishara ba ko sau ɗaya. A wurin wannan mutumin maganar zaɓe tana da fuskoki da sunaye, kuma da su yake cin tuwo a akushi ɗaya ranar suna da ranar biki.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar gardamar nan a hannun samarin da suka dawo daga makarantun tauhidi na Jos da Kagoro da Bukuru su kaɗai ba, balle waɗanda suka koye ta daga wa'azin Amurkawa a YouTube suke turawa a WhatsApp. Magana ce mai nauyi, tana da ayoyi masu ƙarfi ta kowane gefe, kuma duk wanda ya ce maka ya warware ta a zama ɗaya, wata aya ya ɓoye a aljihu.

Ga inda gizo ke saƙar. Manzo Bulus ya faɗa wa Afisawa a sura ta farko cewa Allah ya zaɓe su cikin Almasihu tun ba a halicci duniya ba, ya kuma ƙaddara su zama 'ya'yansa. A Romawa 8 ya jero abin kamar sarƙa, daga sanin Allah na tun fil'azal zuwa ƙaddarawa, zuwa kira, zuwa kuɓutarwa, har zuwa ɗaukaka. A Yahaya 6 Yesu ya nuna ba mai zuwa wurinsa sai wanda Uba ya jawo. A Ayyukan Manzanni 13:48 Luka ya ce waɗanda aka shirya wa rai madawwami su ne suka ba da gaskiya. Amma Littafin nan dai shi ne ya ce a 1 Timoti 2:4 Allah yana son kowa ya tsira, ya ce a 2 Bitrus 3:9 ba ya nufin kowa da hallaka, a Ezekiyel 33 kuma Ubangiji ya rantse da zatinsa cewa mutuwar mugu ba ta faranta masa rai. Yesu da kansa ya yi kukan Urushalima a Matiyu 23, yana cewa ya so ya tattara mutanenta su ne suka ƙi. Ibraniyawa 6 ta yi kashedi mai sa tsikar jiki tashi a kan waɗanda suka ɗanɗani alheri sannan suka juya baya.

Tarihin rigimar a nahiyarmu ya soma, abin da da yawa ba su sani ba. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, shi ya kara da Felajiyus, wani mai zuhudu daga Birtaniya wanda ya ce ɗan Adam yana da ikon yin biyayya ga Allah in ya ga dama. Agustin ya ce zunubin Adamu ya karya mu ƙwarai, ko bangaskiyar ma kyauta ce. Majalisar Kartaj ta 418 ta ba Agustin gaskiya. Bayan rasuwarsa a 430 aka ci gaba da ja-in-ja har majalisar Orange ta 529, wadda ta amince alherin Allah ne ke fara motsa zuciya, amma ta la'anci ra'ayin cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta. Shekara dubu bayan haka Jon Kalbin na Janiba ya ƙarasa lissafin da wasu ke tsoron ƙarasawa, ya ce in an zaɓi wasu to an ƙaddara wa sauran hallaka, shi kansa kuma ya amsa cewa hukunci ne mai ban tsoro. Arminiyus na ƙasar Holan ya ja da wannan, ya ce Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, kuma mutum yana iya ƙin alheri. Ya rasu a 1609, almajiransa suka kai ƙorafi a rubuce a 1610, majalisar Dort ta zauna daga 1618 zuwa 1619 ta kayar da su, aka tuɓe fastocinsu kusan ɗari biyu. A Ingila Jon Wesli da Joj Witfil, aminai ne kuma abokan wa'azi, suka raba hanya a kan wannan batu wajen 1740, ko da yake da Witfil ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi.

Duk wannan gadon yana zaune a bencinan majami'un Jigawa, ko masu zaman sun sani ko ba su sani ba. Anglikan, waɗanda aka kafa musu dayosis a Dutse a 1996, suna da sharaɗi na 17 cikin sharuɗɗan bangaskiyarsu 39, wanda ya tabbatar da zaɓe zuwa rai, ya kira shi ta'aziyya ga masu tsoron Allah, ya kuma yi gargaɗin cewa ga masu bin diddigi yana iya zama ramin fid da zuciya ko na shashanci. Katolika, da ke ƙarƙashin dayosis na Kano, koyarwarsu a fili take cewa Allah bai ƙaddara wa kowa wuta ba. Fastocin ECWA da Baftis da yawa suna koyar da cewa wanda aka maya haihuwarsa da gaske ba zai ɓata ba. Je ka Deeper Life ko Assemblies of God ka ji akasin haka: mai bi yana iya ja da baya ya rasa cetonsa. Yarinya ɗaya tana iya jin duka biyun cikin mako guda, ɗaya a sujadar Lahadi, ɗaya a taron addu'ar ɗalibai.

Akwai wani babi na labarin da ya shafi Arewa kai tsaye. Harry Boer, ɗan mishan na cocin Christian Reformed ta Amurka, shi ne shugaban farko na kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda aka buɗe a 1959. Tun daga farko wasu a cocinsa ba su ji daɗin makarantar ba, saboda ta haɗa ɗariku dabam-dabam a aji ɗaya, har cocin NKST ta Tibi ta kafa tata kwalejin a Mkar a 1971 don a riƙe koyarwar Kalbin tsantsa. A 1977 Boer ya kai ƙorafi gaban babbar majalisar cocinsa, ya ce ya bi ayoyin da takardun Dort suka kafa hujja da su a kan cewa Allah ya yi watsi da wasu tun fil'azal, bai ga sun faɗi hakan ba. A 1980 majalisar ta ƙi ƙorafin. Sai dai dubi yadda ta ƙi shi: cewa ta yi Boer ya yi wa takardun gurguwar fahimta, domin ba su koyar da cewa Allah yana hallaka mutum ba tare da laifinsa ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana koyar da 'ya'yan masu bautar gargajiya a tsaunukan Filato ya tilasta wa magadan Kalbin su fito fili su ce ceto kyauta ne, hallaka kuwa sakamakon laifi ne, biyun ba ma'auni ɗaya ake auna su ba. A ganina Boer ya sha kaye a majalisa amma ya ci riba a magana.

To mu zo kan surar da ake ta faɗa a kanta, Romawa 9. Yadda aka saba karanta ta shi ne a tsallako tsakiya: Rifkatu na da cikin tagwaye, ba a haife su ba, ba su yi nagarta ko mugunta ba, aka fifita Yakubu a kan Isuwa, aka taurare zuciyar Fir'auna, maginin tukwane yana da iko a kan yumɓunsa. A rufe littafi, a ce magana ta ƙare. Kwatanta yadda wannan ke sauka a ƙaramar majami'a mai rufin kwano, ranar binciken Littafi Mai Tsarki, mata a gefe ɗaya maza a gefe ɗaya. Wata dattijuwa daga zumuntar mata ta gyara ɗaurin kallabinta ta ɗaga hannu: "Baba Fasto, a gafarce ni. Ni 'ya'ya shida na haifa, uku suna zuwa sujada, uku sun kama wata hanya. Ashe tun suna ciki aka raba su? To addu'ar da nake tashi yi musu da asuba fa, a banza ke nan?" In fasto ya ce mata, "Mama, yumɓu ba ya tambayar magini," ya ba ta aya, amma ya zalunci surar.

Domin surar ba da tagwaye ta fara ba. Da baƙin ciki ta fara. Bulus ya buɗe ta yana cewa zuciyarsa na ciwo ba dare ba rana saboda danginsa Yahudawa da ba su karɓi Almasihu ba, har ya gwammace a la'anta shi in dai su za su tsira. Halin dattijuwar nan ke nan daidai. Sura ta 10 kuma ya buɗe ta da yi musu addu'ar ceto, su ɗin nan da ake cewa an riga an yi watsi da su. A sura ta 11 ya ce tuntuɓensu ba na har abada ba ne, rassan da aka sare ana iya sake ɗaura su, ya gargaɗi Al'ummai kada su yi fahariya, sannan ya ce Allah ya kulle kowa cikin rashin biyayya ne don ya yi wa kowa jinƙai. Daga nan bai ƙara wata hujja ba, sai ya ɓarke da yabo yana cewa ba mai iya bin sawun al'amuran Allah.

A lura kuma da inda Bulus ya ɗebo misalansa. Maganar ƙaunar Yakubu da ƙin Isuwa daga Malakai take, annabin da ya zo ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar tagwayen, kuma a kan al'ummar Isra'ila da ta Edom yake magana. Isuwa na littafin Farawa, a sura ta 33, shi ne ya sheƙo da gudu ya rungume ƙanen da ya cuce shi, yana kuka. Maginin tukwane kuwa na Irmiya 18 ne, wanda tukunya ta lalace a hannunsa bai jefar da yumɓun ba, ya sake gina wata da shi, Ubangiji kuma ya ce haka yake yi da al'ummar da ta tuba.

Kada mabiya Arminiyus su yi saurin tafi. Wannan karatun bai share komai da komai ba. Bulus ya nace cewa abin bai rataya a kan nufin mutum ko ƙoƙarinsa ba, sai a kan jinƙan Allah, kuma ba yadda za a murɗe Yahaya 6 ta daina cewa Uba ne ke jawowa. Sannan akwai wata tambaya da ƙasarmu ke yi wa masu cewa kowa an ba shi dama daidai wa daida. 'Yan mishan na SIM, su Rowland Bingham, sun iso Najeriya a 1893, amma Turawan mulki sun hana su wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulunci shekara da shekaru. Sai a shekarun 1930 aka fara sassautawa, galibi ta ƙofar jinyar kutare, asibitin ido na Kano ma sai 1943. Bawarjen da ya ji bishara a 1960 da kakansa da ya mutu a 1880, wa ya zaɓa musu shekarar haihuwa? Ba su ba ne. Ko an kori zaɓe ta ƙofa, zai dawo ta wannan tagar. Cewa Allah ya zaɓi wanda ya san zai ba da gaskiya ma bai kashe tambayar ba, ya dai matsar da ita gaba kaɗan: me ya sa wannan ya gaskata wancan bai gaskata ba, alhali nono ɗaya suka sha? In ka ce wannan ya fi hankali ko laushin zuciya, ka ba shi abin taƙama, Bulus kuwa taƙamar ce ya zo rushewa.

Wa'azin cewa mai bi yana iya rasa cetonsa ma yana da tasa ɓarnar, kuma ita ce ta fi yawa a Najeriyar yau. Mai bi ya kwana yana fargabar ko wata 'yar ƙarya da ya yi a kasuwar Sara ta goge sunansa daga littafin rai, kowane taron farkawa ya sake fita gaba ya sake karɓar Yesu. Ga ɗan ƙauyen da danginsa suka juya masa baya, wanda ba shi da kowa a sakatariyar ƙaramar hukuma, wanda bai manta cocin da aka ƙona a Dutse a watan Satumba na 2006 ba, koyarwar zaɓe ita ce ke ce masa ba riƙonsa ne ke riƙe da shi ba. Don irinsa aka rubuta ta. Musa ya gaya wa Isra'ila an zaɓe su ne alhali su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai, Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa masu ilimi da masu sarauta ba su da yawa a cikinsu.

Bulus ya kira zaɓen nan mayar da mu 'ya'ya, Bahaushe kuma ya san riƙo. Goggo takan zo bayan yaye ta ɗauki yaro ta tafi da shi ɗakinta, ta ci da shi, ta tufatar da shi, ta yi masa aure. Yaron bai nema ba, bai biya ba, in ya girma ba abin da ya rage masa sai godiya. Amma ba mai hankalin da zai dubi sauran 'ya'yan gidan ya ce goggo ta tsane su, balle ɗan riƙon ya tsaya a tsakar gida yana nuna wa 'yan'uwansa yatsa. Iyakar inda misalin ya kai ke nan, domin ɗakin goggo yana cika, jinƙan Allah kuwa Littafi bai sa masa iyaka ba.

Kirista a nan yana zaune cikin maƙwabtan da imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, yake cikin shika-shikan imaninsu, kuma su ma malamansu sun sha wannan gwagwarmaya. An yi Jabariyya masu cewa bawa ba shi da zaɓi, an yi Ƙadariyya da Mu'utazila masu cewa shi ke yin aikinsa, Imam Ash'ari ya nemi tsakiya ya ce Allah ke halittar aiki bawa kuma yana ɗaukar alhakinsa. Bakinmu ɗaya a maganar yau da kullum. Kowa na cewa haka Allah ya so, kowa na cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Haɗarin shi ne Kirista ya ɗauki wannan sallamawar, wadda ta dace da asarar gona ko rasuwa, ya ɗora ta a kan ran ɗan'uwansa, ya ce in yana da rabo zai zo, ya naɗe hannu. Malaman Musulunci ba su yarda a fake da ƙaddara a bar aiki ba, Littafi Mai Tsarki ma bai yarda ba.

Dubi Ayyukan Manzanni 27. Jirgin ruwan da ke kai Bulus Roma yana ɗauke da mutum 276, guguwa ta yi mako biyu tana wujijjiga shi. Bulus ya tashi ya ce mala'ika ya tabbatar masa ba ran da zai salwanta. Magana ta yanke ke nan, daga sama. Amma da tsakar dare ma'aikatan jirgin suka saukar da ƙaramin kwalekwale a asirce, suna yi kamar anka za su jefa, nufinsu su gudu. Bulus bai ce a ƙyale su tunda an riga an rubuta ba. Ya juya ga jarumin sojan da ke tsaronsa ya ce in waɗannan suka bar jirgin ba mai tsira. Sojoji suka yanke igiyoyin, kwalekwalen ya tafi. Gab da asuba ya matsa wa kowa ya ci abinci. Da jirgin ya farfashe, masu iyo suka yi iyo, sauran suka kama katako, kowa ya kai gaɓa. Luka ya rubuta alkawarin da gargaɗin a shafi ɗaya bai ga sun ci karo ba. Majalisar Dort ma, duk da tsananinta, ta ce a yi shelar bishara ga kowa ba tare da bambanci ba, ta kuma ce iyaye masu bi kada su yi shakkar ceton 'ya'yansu da suka mutu suna jarirai. A jihar da uwaye da yawa suka binne goyo, wannan sakin layin ya fi cancantar a haddace shi fiye da taƙaitattun ƙa'idoji biyar na mabiya Kalbin da samari ke jifan juna da su.

Saura kakan da ya mutu bai ji ba. Katolika, tun babban taronsu na Batikan a 1964, sun ce wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto. Byang Kato, ɗan Kwoi wanda ya taɓa zama babban sakataren ECWA, ya rubuta littafi a 1975 yana jan kunnen cocin Afirka kada ta zame ta ce kowace hanya tana kaiwa. Kowannensu akwai abin da yake tsoro, kuma tsoron yana da dalili. Abin da na tsaya a kai shi ne ba a ba wani fasto rajistar Allah ba. Ba shi da ikon yi wa jikan alkawarin kakansa yana sama, ba shi kuma da ikon ce masa an halicci tsohon don wuta. Ibrahim da yake roƙo saboda Saduma ya dogara ne da cewa Mai shari'ar duniya duka zai yi adalci, Bulus ya ce Allah bai taɓa barin al'ummai ba shaida ba, yana ba su ruwan sama da damina mai albarka. A nan Littafi ya tsaya, mai wa'azi ma ya tsaya a nan.

Hukuncina ke nan: zaɓe zuwa ceto yana cikin Littafi Mai Tsarki ƙarara, wanda ya goge shi ya rage wa raunana ta'aziyyarsu. Ƙaddara wa wani hallaka tun bai yi laifi ba kuwa lissafin malamai ne, sun ga rabin magana suka cike ɗaya rabin da hankalinsu. Fastocinmu da masu bishara na Birnin Kudu da Gwaram, ina roƙonku abu ɗaya. Duk ranar da za ku taɓa Romawa 9, kada ku fara daga tagwaye ku tsaya a kan tukunya. Ku karanta wa jama'a sura ta 9 da ta 10 da ta 11 a jere, da Hausa, da murya a sarari, kafin ku ce uffan. Aya 90 ce duka, ba za ta ci muku minti ashirin ba.